Tukunyar Iri da Na Bari a Bayan Rumbu

A lokacin da abin nan ya faru ni yarinya ce, shekarata uku a ɗakin miji, da goyon ɗiya mace a bayana. Nasara ba su kai ga shigowa ƙasar nan ba tukuna. Muna zaune a wani ɗan ƙauye kusa da Kona, ni da maigidana da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna. Yanzu na tsufa tukuf, shi ya sa na roƙi a rubuta mani wannan don mata su ji. Ba zan kama sunan kowa ba. Abin da zan faɗa game da kaina shi ne, ni mace ce mai son a yaba. Akwai tasoshin tagulla guda huɗu da uwata ta sa mani cikin kayan ɗaki, da wasu ƙorai masu zane. Kullum sai na goge su da toka, in jera, in ja da baya in duba. In mata suka shigo suka ce ɗakina ya yi kyau, ranar ko ban ci ba na ƙoshi.

Shekarar nan ta zo mana da wuya. Fara ta cinye gero tun yana tsaye, rijiyar garin ta rufta, sau biyu kuma mahara suna faɗo mana su kore dabbobi, su tafi da wanda suka tarar a daji. Kawun maigida ya aiko daga arewa, wajen Kanan-Bakashe, cewa ya sari daji ya haƙa rijiya, mu yi ƙoƙari mu iso kafin ruwan fari. Gida biyar muka shirya tashi tare. Mu dai takarkari ɗaya gare mu da jaki ɗaya. Maigida ya ce shi zai ɗora hauyoyi da tabarmi da ɗan hatsin da ya rage a kan takarkari, jaki kuma na kayan madafa ne, ni zan ɗaure shi.

Da safen tashi Inna ta kifa turmi ta zauna a kai tana gaya mani abin da za a ɗauka, don idonta ya yi rauni, sai dai ta shafa abu da hannu ta gane shi. Turmin kansa barinsa za a yi. Dutsen niƙa da randa aka ba wata maƙwabciya da ta ce ita a nan za ta mutu. Na kwance ragaya, na haɗa muciya da maburgi da ludaya na ɗaure da igiya ɗaya, na ƙulle daddawa da kuka da kanwa cikin tsummoki. Sai Inna ta sa na fito mata da wata baƙar tukunya mai nauyi daga ƙuryar ɗakinta, an liƙe bakinta da laka. Na san abin da ke ciki. Irin gero ne da ta zaɓa tun kakar da ta wuce kafin fara, ta gauraya da toka don kada ƙwari su shiga. Duk yunwar da muka sha ba ta yarda an buɗe ta ba. Ta dafa tukunyar ta ce, "Ɗiyata, ko me za ki bari, kada ki bar wannan. Ita ce gonarmu."

Daga nan maigida ya kama hannunta suka tafi maƙabarta ta yi bankwana da kabarin mijinta. Na tsaya ni kaɗai gaban mangala. Ɓangare ɗaya ya cika. Ɗayan kuwa, ko dai tukunyar Inna ta shiga, ko tasoshina da ƙoraina, ba zai ɗauki duka ba. A kaina akwai tukunyar tuwo, a bayana goyo. Na gwada ta nan, na gwada ta can, abu ya ƙi. Sai zuciyata ta ce mani, ai gidan manomi za mu, ina manomin da zai rasa iri? Ni kuwa in na isa baƙon wuri da ɗaki fayau, da wane ido matan can za su dube ni? Na mirgina tukunyar nan zuwa bayan rumbu, na kifa mata wata tsohuwar zana. Na naɗe tasoshin da zani don kada su yi ƙara, na cusa su cikin mangala. Da suka dawo Inna ta shafa mangalar, ta ji abu mai tudu, ta tambaye ni ko tukunyar ce. Na ce ita ce, Inna.

Kwana uku muka yi a hanya. Wurin da muka isa 'yan bukkokin kara ne cikin rairayi, da rijiya mai zurfin gaske. Washegari, tun ba mu gama kwance kaya ba, hadari ya haɗu, aka sheƙa ruwa. Mutane suka fito suna murna. Inna ta ɗaga hannu ta gode wa Allah, ta ce in kawo tukunya, gobe shuka. A nan ne na yi abin da ya fi na farko muni. Na ce ai ita da bakinta ta ce in bar tukunyar a ɗakinta, za ta sa ɗanta ya ɗora a kan takarkari. Ta ce ta shafa ta cikin mangala. Na ce tukunyar miya ta shafa. Kwanakin nan dama ta soma mantuwa, takan nemi abu yana hannunta. Sai ta ce, a hankali, ashe tsufa ya kai ta nan.

Kawu ya riga ya raba irinsa ga gidajen da suka rigaye mu. Abin da ya iya ba mu bai cika ƙaramar ƙwarya ba. Maigida ya ce zai koma ya ɗauko, shi da jaki, ba kaya ba mata, kwana huɗu ya ishe shi zuwa da dawowa. Kawu ya hana shi, ya ce hanyar ba ta mutum ɗaya ba ce. Maigida ya ce in ya zauna ma yunwa ce za ta kashe mu baɗi. Na raka shi har bakin rijiya. Na san in ya je ɗakin Inna zai nufa, ba zai ga komai ba. Yana kama igiyar jaki na ce, ƙasa-ƙasa, ya duba bayan rumbu, ƙarƙashin zana. Ya juyo ya dube ni. Ban taɓa ganin irin wannan kallo a idonsa ba, kafin nan ko faɗa bai taɓa yi mani ba. Bai tambaye ni komai ba. Ya ce, "Ki kula da Inna." Ya kaɗa jakinsa ya tafi.

Kwana huɗu suka wuce, bakwai suka wuce. Kawu ya ɗauki maza biyu suka bi sawu. Suka tarar an ƙone ƙauyen, ba kowa, sai sawun dawaki. Kawu ya ce a bayan rumbunmu sun ga zana a yashe da gurbin gindin tukunya cikin ƙasa, bai san ma'anarsa ba. Ni na sani. Ya isa, ya same ta, ya ɗauka. Bayan haka ba wanda ya san abin da ya faru. Wani ya ce ya gan shi cikin jerin waɗanda aka ɗaure ana korawa gabas. Wani ya ce kashe shi aka yi. Ba gawa, ba labari, har yau.

Daminar nan ɗan abin da muka shuka bai kai mu ko'ina ba. Muka koma cin tafasa da 'ya'yan anza, waɗanda sai an jiƙa kwanaki kafin ɗacinsu ya fita. Tasoshin nan ɗaya bayan ɗaya na ba Buzaye masu wucewa suka ba ni hatsi, ba macen da ta taɓa ganinsu a jere. Inna kuwa ta ɗora wa kanta laifin duka. Duk wanda ya zo jaje sai ta ce masa ita ta kashe ɗanta da mantuwa. In na zuba mata abinci sai ta turo mani, ta ce in ci don mai shan nono, ita ba ta cancanta ba. Sau nawa na buɗe baki zan faɗa, sai in tuna ba ni da kowa a wurin nan sai dangin mijina, in suka kore ni ina zan nufa da goyo. Sai in haɗiye.

Kafin kaka ta kwanta. Wata rana bayan azahar ta kira ni, ta lalubo hannuna ta riƙe. Na yi zaton ta gane ne. Sai ta ce, "Ɗiyata, na maishe ki ba miji, na maishe jikata ba uba. Ki yafe mani don Allah." Ƙofar da Allah ya buɗe mani ke nan ta ƙarshe. Na ce, "Na yafe, Inna." Kafin la'asar Inna ta cika.

Ɗiyata ta girma da labarin cewa mantuwar kakarta ce ta raba ta da ubanta. Haka ta gaya wa 'ya'yanta, ta rasu ba ta san gaskiya ba. Na sake aure, na yi wasu 'ya'ya, na yi azumi da sadaka ba iyaka, amma malamai sun ce haƙƙin mutum sai shi ya yafe, kuma masu haƙƙina ɗaya tana ƙasa, ɗaya ban san ƙasar da ta ci shi ba.

Ku mata, musamman masu ƙuruciya, in tashi ya kama ku, kada ku auna kaya da idon maƙwabta. In babba ya ba ku amanar abu, ku ɗauka ko da naku zai zauna. In kuma kun riga kun yi kuskure, ku faɗa nan take, ku sha faɗan. Da na yi magana ranar da aka yi ruwan nan, da kunyar yini ɗaya zan ji, wataƙila da duka, amma tsohuwar nan da ta mutu da sanin cewa hankalinta bai ci amanarta ba. Ban tsammanin akwai sauran gyara a gare ni. Abin da nake roƙo kawai, wanda wannan ya kai kunnensa ya yi mata addu'a, ya kuma shaida cewa ba ta manta komai ba.