Baban Kifi da Hannunsa na Dama

Rigimar da ta ba shi suna a bakin famfon gidansa aka yi ta, kuma ya sha kaye. Famfon ya daɗe yana ɗiga, matar ta gaji da tara masa roba, sai ga maigida ya ciko bokiti biyu zai kai wa kifayensa sabon ruwa shagonsa na aski.

"Kifin nan fa su ke jawo min mutane," in ji shi.

"To, wanne ne a cikinsu ya taɓa kawo kansa aski?"

"Yara na zama shiru in suna kallonsu."

"Yara! Ashe ka san yara? Naka na ɗaka, wa ka taɓa cuɗa wa baya? Je ka, Baban Kifi, 'ya'yanka na jira."

Ya sunkuci bokitansa ya fice. Kafin ya isa shago sunan ya riga shi.

Shagon dai ba wani abin a zo a gani ba ne: kujera ɗaya mai juyawa, madubi mai tsaga a kusurwa, benci, da hotunan aski a bango waɗanda ba mahaluƙin da ya taɓa zaɓa. Amma a gefen taga ga akwatin gilashi, jajayen kifaye na kai da kawo, ɗan inji na busa musu kumfa kamar 'ya'yan gata. Tsafta kuwa, kar a yi maganarta. Almakashi sai ya sha wanka, reza ba ta taɓa kai biyu. Yatsunsa ne kawai ba su da gata, kullum da ƴar yanka, abin da mai aski ba ya ma lissafawa. Da waɗannan yatsun yake naɗe riga ya zura hannu har gwiwa yana cuɗa tsakuwar akwatin, yana yi wa kifi hira.

Sai wani ɗan ƙurji ya fito masa a yatsa. Ba zafi, ba ƙaiƙayi, ba kuma niyyar tafiya. Mazauna benci, waɗanda kowannensu likita ne da ba a gano ba, suka tashi tsaye. Wannan ya ce toka, wancan ya ce man birki. Ƙurji ya ji daɗin kulawa, ya kira ƙannensa, suka jeru daga yatsa zuwa damtse kamar maɓallan riga.

To, wa zai miƙa kansa ga irin wannan hannu? Mai zuwa duk mako ya gano ashe suma na yi masa kyau. Wani ya ce matarsa ce ke son gemu. Benci ya yi ƙura. Baban Kifi ya koma share gashin da babu.

A asibiti ma sai da aka yi ta ba shi ƙwayoyi a banza, kafin wata likitar fata ta tambaye shi ko yana wasa da ruwa.

"Ni? Da girmana?"

"Kifi fa, Baba?"

"Ai wannan ba wasa ba ne, ƴata."

Ta yanki ɗan fata aka kai gwaji, ya yi makonni yana jira. Ashe wata ƙwayar cuta ce, dangin ta tarin fuka, mai zamanta a ruwa da jikin kifi. Ba ta neman kowa, sai dai in ta ga ƙofa a buɗe, irin yankan reza, ta shiga ba sallama. Ba ta kuma tsallakawa daga mutum zuwa mutum. Magani na watanni, da safar roba har kafaɗa in zai taɓa ruwan. Ya bi duka, hannu ya fara lafawa. Sai dai unguwa ba ta karanta takardar likita, ido take bi.

Matar ta ga abin ba na ƙare ba ne, ta kira Yaya, babban wansa, mutumin da in ya yi tari dangi ke cewa amin. Ya iso da niyyar a juye akwatin a kwata.

"Yaya, ni ba na jin magana sai mutum na kan kujera. Haka sana'ar ta mai da ni."

Yaya ya dubi hannun, ya dubi ƙofa. Girma ya hana shi gudu, ya zauna. Aka ɗaura masa ƙyalle, aka shafa kumfa. Masu wucewa suka fara rage tafiya a bakin taga, biyu har sun raɓo benci don ganin ko zai tashi da rai.

"Mutum da iyali, ya zauna bautar kifi! Sun cinye maka hannu, sun kore maka jama'a, gobe kuma..."

Reza ta sauko daidai maƙogwaro, Yaya bai fasa ba.

"Yaya," in ji Baban Kifi, yana ɗaga masa haɓa da yatsa, "su ma wuni suke yi baki buɗe kamar ku, amma ban taɓa jin sun ba ni shawara ba. Rufe naka, kar in yanke ka a ce kifi ne."