Goggo da Hoto na Biyu

"Wai har yanzu ɗige-ɗigen nan take ƙirgawa?" Kawu ne ya tambayi Mama yana dariya, bai san ina bayan labule ba. Maganar ta ƙi barin raina.

Goggona yake nufi, yayar Baba. Kullum da safe takan ɗiga maganin ido, ta rataya jakarta, ta tafi wani ofis marar taga a cibiyar binciken taurari. Akwai na'urar hangen nesa da ke yawo can a sararin samaniya, hotunanta ake turo mata. Ba masu kyan nan na kalanda ba. Na wasu ƙananan garkunan taurari ne, maƙwabtan garken da duniyarmu ke ciki, dishi-dishi kamar an watsa toka a baƙin zane.

Ta taɓa yi min bayani muna wanke-wanke. Gudun da taurarin suke yi ya isa su tarwatse, amma wani abu mai nauyi da ba a gani yana riƙe da su. Ba a iya auna shi sai an ɗauki hoto, an jira shekaru, an sake ɗauka, a ga yadda kowane tauraro ya gusa. Hoton farko ne a hannunta. Tana bin su ɗaya-ɗaya, ta tabbatar da mazaunin kowanne, ta ware tabon kyamara.

Wata abokiyar aikinta ta taɓa ce min, "Goggon taki? Kan tauraro ɗaya sai ta hana mu tashi cin abinci. Amma abin da ta duba, ba mai sake dubawa."

Goggo, ke ce mai haƙurin da ba a tafa wa. Kin ba da idonki ga aikin da wasu za su ƙarasa, ba ki taɓa yin mita ba. Mun gode. Masu gajiya da aiki don ba su ga ƙarshensa ba, ku dube ta.

Wannan watan za ta ajiye aiki. Likita ya ce kallon allo ya isa haka. Hoto na biyu kuwa da sauran shekaru. A gida kowa kauce wa zancen yake, har ni.

Jiya na je ofis taya ta kwashe kaya. Ta miƙa hannu za ta ɗauki kofinta, ta kuskure, sai da ta laluba teburin.

"Ke 'yar nan, kin tsaya kamar an dasa ki. Miƙo kwalin mana."

Na miƙa mata.

"Goggo, in hoton ya iso, za ki iya ganinsa?"