Takardar da Aka Bar Mini a Moss Side

Shekara uku na yi a unguwar Moss Side, a cikin jerin gidajen nan da bango ɗaya ke raba kowane biyu. Karatun digiri na uku ne ya kai ni Manchester. Maƙwabtana na hannun hagu mata biyu ne, uwa da 'ya, mutanen Checheniya. Uwar ta haura saba'in, ba ta jin Turanci sai na gaisuwa. 'Yar tana aiki a kantin magani, ita ce bakin uwarta a wurin likita da ko'ina. Ina kiran tsohuwar Mama, ita kuma tana kirana da wata kalma ta yarensu da aka ce mini tana nufin 'yata.

Abinci ne ya haɗa mu. A wani azumi na miƙa musu ƙosai ta katangar baya, kwanon ya dawo da wata gurasa mai cuku a ciki, an shafe ta da man shanu. Daga nan muka saba.

Labarin yaƙin da aka yi a ƙasarsu a gutsure na ji shi, yawanci a bas idan mun haɗu da 'yar da safe. Ba da kuka take ba da shi ba. Ta ce a Grozny, babban birninsu, sun yi dukan lokacin sanyi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani bene. Ƙanƙara suke narkarwa su tace da ɗankwali su sha. Sun ƙona kujeru don jin ɗumi, sannan ƙofofi, sannan littattafan wani malamin makaranta da ke tare da su, wanda ya roƙa a fara da na siyasa. A ƙofar waje sun rubuta da alli cewa mutane ne ke zaune a nan, ko masu bindiga za su karanta. Wata safiya sojoji suka shigo duba takardu, suka fita da maza uku. Cikinsu har da wanta, yana da shekara goma sha tara. Ta ce ranar suka rasa shi. Sai bas ya tsaya, ta sauka.

A wurinmu, wanda ya ji labarin rashi yakan je gaisuwa, ko da an shekara ashirin. Na faɗa wa matan da muke karatun Alƙur'ani tare ranar Asabar, yawancinsu ɗalibai da matan ɗalibai daga Kano da Zariya da Bauchi. Babbarmu, matar wani likita, ta ce abin kunya ne a ce na shekara ina cin gurasar mutane ban yi musu gaisuwar ɗansu ba. Aka sa rana. Ban yi shawara da 'yar ba, na dai ce mata za mu zo gaida Mama.

Mu tara muka je bayan azahar, da kulolin shinkafa da dabino. Mashigar gidajen nan ƙunci gare ta. Takalma suka cika ta har ƙofa ta ƙi rufuwa, aka bar ta a buɗe tunda akwai biyu da suka tsaya neman wurin ajiye mota. Mama ta sauko daga bene tana murmushi. Babbarmu ta ɗaga hannu, mu ma muka ɗaga, ta fara addu'ar mamaci da Larabci, wadda ba ta bukatar tafinta.

Mama ta tsaya a kan matakala. Ta dubi hannayenmu, ta dubi ƙofa. Ta ratsa ta tsakaninmu ba ta taka kowa ba, ta ture takalman waje da ƙafa, ta rufe ƙofar, ta murza mukulli. Ta yi wa 'yarta gajeriyar magana ta koma sama.

'Yar ta fassara mana, idonta a ƙasa. "Ta ce babu wanda ya mutu a gidan nan."

Daga baya ta yi mini bayani. A ƙasarsu, idan aka ga ƙofar gida a wangale, mutane suna shiga suna ɗaga hannu, to zaman makoki ake yi. Uwarta ba ta taɓa buɗe wa ɗanta ƙofa haka ba. Ba ta ga gawa ba, ba wanda ya ce mata ya gani. Ta yi shekaru tana bin ofisoshi da barikoki da hotonsa. Dangin mijinta sun so a yi zaman a huta, ta hana. Abin da dangi suka kasa, mu muka shigo mata da shi, har da shinkafa.

Matan suka tsinci takalmansu a bakin titi. Babbarmu ta ce mini, "Ke da aikinki bincike, Malama, wannan ne ba ki bincika ba?" Wata ta ce ko ma mene ne, a raba shinkafar kada ta lalace.

Na je ban haƙuri sau biyu. 'Yar ce take karɓa a bakin ƙofa. Mama ba ta sauko ba, kuma idan muka haɗu a layi takan dubi gabanta. Haka muka yi kusan wata uku.

Sai 'yar ta yi aure. Mijin yana aiki a Birmingham, ya kama gida can a unguwar Handsworth. Mama ta ce ba ta zuwa ko'ina. Wannan adireshin ne ta bai wa dangi a ƙauye, shi ta bai wa masu neman waɗanda suka ɓace, shi ta bai wa duk ɗan ƙasarsu da ta taɓa haɗuwa da shi a masallaci. Idan ɗanta ya fito daga inda yake, nan zai zo, kuma ba zai zo ya tarar da baƙi ba. A lokacin ƙafafunta sun kumbura, ta taɓa faɗuwa a banɗaki. Ba za a bar ta ita kaɗai ba. Nakan ji gardamarsu ta bango. Ba na jin yaren, amma na san wadda ke roƙo da wadda ke ƙi.

Wata Lahadi da hantsi suka buga mini ƙofa su biyu. Mama tana riƙe da takarda. Ba ta shiga ba. Ta yi magana tana kallona, 'yar ta fassara.

"Ta ce ke kika kawo masu binne shi, to ke za ki tsaya masa a ƙofa."

A takardar akwai sabon adireshinsu, da rubutunsu da na Turanci. A ƙasa ta sa sunan da take kiransa da shi yana yaro, don ya tabbata daga hannunta ta fito. Sharaɗin ɗaya ne. Duk namijin da na ji yana buga ƙofar hagu, in fita in gani. Na karɓa da hannu biyu. Bayan mako guda suka tashi, wasu ɗalibai suka shiga gidan.

Na manna takardar a bayan ƙofata. Shekara ɗaya da rabi ina fita. Na fita wa masu kawo saƙo, da masu wa'azi biyu-biyu, da mai karanta mitar gas wanda har ya saba yana ɗaga mini hannu. Sau ɗaya wani mutum mai jaka ya daɗe a tsaye yana duban tagogin sama. Na fita ba takalmi. Ɗakin haya yake nema, an ba shi lamba ba daidai ba. Da na koma ciki sai da na zauna na ɗan lokaci.

Kowace Juma'a 'yar takan bugo waya, ta miƙa wa Mama, ta yi tambayarta guda, in ce babu kowa. Wata rana 'yar ta kira daga wurin aiki, ita kaɗai. Ta ce ita ta daɗe da sanin ba zai zo ba. Ta ce ranar da muka je da kulolinmu, ta so a bari mu ƙarasa addu'ar. Ta roƙe ni kada in daina fita.

Karatuna ya ƙare, izinin zamana ma ya kusa. Dole in bar takardar a hannun wani. Ɗaliban nan ba sa wuce shekara a gida ɗaya. A tsallaken titi kuwa akwai wani dattijo ɗan Jamaika, tsohon direban bas, da ya fi kowa daɗewa a layin, wuninsa a bakin taga. Na yi masa bayani. Ya ce ai shi ko kyanwa ce ta shigo layin nan ya san gidan da za ta, balle mutum mai jaka.

Wannan ba maganar waya ba ce, sai na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, na shiga bas zuwa Handsworth. Na tarar da Mama a kwance, ba ta daɗe da fitowa daga asibiti a Edgbaston ba. Ta saurara har na gama. Ba ta yi faɗa ba, tambayoyi ta shiga yi. Mutumin yana ji sosai? Yana barcin rana? Yana fita? Na ce yana zuwa coci ranar Lahadi da safe, amma matarsa sai da yamma take zuwa. Ta ce to da sauƙi. Sannan ta ce tunda shi bai taɓa ganin hoton ba, in ɗauki biro in rubuta masa kamannin ɗanta.

Ta fara, 'yar tana fassarawa. Dogo ne, siriri. Baƙin gashi, mai yawa. Tabo a girar hagu. Gemu bai fito masa ba tukuna.

Nan 'yar ta daina fassarawa. Ta yi wa uwarta magana a hankali da yarensu. Mama ta fito da hannu daga bargo tana lanƙwasa yatsu tana ƙirga shekaru, ta kai ƙarshe, ta sake farawa. Ta daɗe. Sannan ta yi magana.

"Ta ce ki soke maganar gemu," in ji 'yar. "Ki sa wataƙila ya yi furfura. Wataƙila ya yi jiki, irin na babanmu. Tabon dai ki bar shi."

Na soke, na gyara, na karanta musu. Mama ta gyaɗa kai.

Da yamma na koma Manchester na miƙa wa dattijon takardun biyu. Ya sa tabarau ya karanta sau biyu. Ya tambaye ni ko mutumin zai ji Turanci. Na ce ban sani ba. Ya ce ba komai, zai nuna masa rubutun uwarsa.