Zama a Gefen Malam

A rubuta yadda na faɗa, ko da kuka ya katse ni.

Shekara talatin da wani abu ina kai wa mai gidana Malam tuwo a Karakkai, in durƙusa gabansa in ajiye, in tashi. Haka na ga uwata tana yi. Bayan an ba mu jiha da shekara biyu, wata rana na durƙusa da akushi, sai ya kauda kai wajen rumbu. Na ɗauka fushi ne. Kwana uku ina neman laifina.

"Ba fushi ba ne," in ji Malam. "In na dube ki sosai, fuskarki ɓacewa take. Sai na karkata nake samunki."

Ya daɗe da ciwon suga. Muka biya asibitin Bungudu, aka tura mu Gusau. Likita ya ce ba yanar ido ba ce balle a kankare, tabarau ma ba zai yi ba. Suga ne ya sa jijiyoyin can ciki suna tsatsafo ruwa, tsakiyar gani ta kumbura. A kiyaye abinci da ƙwayoyi, sannan a tafi Kaduna a toshe jijiyoyin da hasken na'ura. Abin da ya tafi da wuya ya dawo, amma ana iya tsare saura.

Malam ya ce in ba zai dawo ba, mi zai kai shi Kaduna ana tsakiyar noma?

Ni kuwa na koma zama gefensa a tabarma ɗaya, don nan yake ganina. Matan 'ya'yana suna rufe baki da gyale. Ƙanwarsa da ke aure Tsafe ta zo ta iske mu, ta ce, "Yaya, amarci kuka sake?"

"Magani nake sha," ya ce.

Da aka yanke gero na ga karkatar tasa tana ƙaruwa. Na ɗauki akushi na koma gabansa na durƙusa.

"Ke, ina kika shiga?"

"Ina nan inda za ka riƙa nemana in ba ka je Kaduna ba."

Ranar Asabar babban ɗanmu ya sa shi a mota.

Tsakiyar ba ta buɗe ba, amma duhun ya tsaya inda yake. Shekara huɗu ya ƙara, yana ganina. Ranar da zai cika ma sai da ya ce ɗankwalina ya karkace, in gyara kafin mutane su shigo. Allah ya jiƙan Malam.