Madarar Baba Tawa

Shekara ashirin da uku Lamidi Ajibade ya yi a wata masaƙar bargo a Ikorodu, a ɗakin da inji ke tsefe zaren roba. Ranar jan bargo ya fito da jan gashin baki, ranar shuɗi kuwa har majinarsa shuɗiya. Gajere ne mai son raha, da wuya ka ga fuskarsa a murtuke.

Duk Juma'a kamfani kan raba wa 'yan ɗakin gwangwanin madara ɗaya-ɗaya. Kowa ya yarda madara ke wanke ƙura daga ƙirji, don haka tun a bakin ƙofa ake huda gwangwani da ƙusa a kwankwaɗe. Shi kuwa sai ya cusa nasa a aljihu, ya kai wa matarsa Mulika ta zuba wa 'yarsu Tawa da sauran yara a koko. Ya ce mata gwangwani biyu ake ba su, ya shanye ɗaya. Ƙarya ce tsagwaronta, amma ta yi shekaru ba ta tonu ba.

Da tari ya sa shi gaba, har hawa bene ya gagare shi, sai ya ajiye aiki. Sikiru, tsohon abokin aikinsa wanda bakinsa ba linzami, ya zo dubiya ya ce, "Sau nawa muka ce ka sha ɗan gwangwanin nan naka? Kullum sai gida!"

Mulika na tuƙa amala, ta saki muciya. Kwana uku ba ta ci abin kirki ba. Wannan ya fi tarin damun Lamidi, don baiwar Allah gani take numfashin mijinta ta ɗura wa 'ya'yanta.

"Iya Tawa, ki ci abinci mana."

"Da wane bakin? Baba Tawa, ka sa na cuce ka ban sani ba."

Ranar komawa asibiti ta bi shi, ta zayyane wa likita komai tana share hawaye da bakin gyale. Likita ya ajiye hoton ƙirjin ya ce, "Mama, madara ciki take zuwa, ƙura kuma huhu, ko a hanya ba sa gamuwa. Da ya sha durom guda, haka hoton nan zai fito. Abin rufe hanci ya kamata a ba su." Ya ƙara da cewa huhun ba zai koma kamar da ba, sai dai lallaɓawa da magani.

Lamidi ko a jikinsa. Daɗi ya kama shi, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Kin ji ko? Su Sikiru asara suka yi ta sha. Kaf ɗakin nan ni kaɗai ne mai wayo!"

"Maƙaryacin banza," in ji ta, tana bubbuga masa baya.

A tasha ta sayi dafaffiyar masara biyu. Kafin mota ta cika ta cinye tata, ta miƙa hannu ta karye rabin tasa.