Layin Tana a Tsakar Gidanmu

Shekarun baya, lokacin da fetur ya fara gagarar mutane, na sayar da tsohuwar motata na sayi wata 'yar ƙarama mai amfani da lantarki. Muna zaune a Mahuta, ni da mahaifiyata da iyalina. Aka kafa mini caja a bangon rumfar mota, aka binne wayarta ta tsakar gida zuwa wajen mita. Ina ta hura hanci a unguwa kamar ni na ƙera motar.

Da damina ta kankama sai fis ɗin cajar, wato abin da ke katse wuta in ta yi yawa, ya fara ƙonewa. In sa sabo da safe, kafin la'asar ya yi baƙi. Na canza har mai shagon ya daina tambayata abin da na zo saye.

Sai wasu abubuwa suka biyo baya. Ragon da muke kiwo ya daina shan ruwa a bakin famfo, ko an ja shi sai ya turje yana rawar jiki. Wata rana da hantsi muka tarar da kaza a mace a wurin, babu rauni babu jini. Mahaifiyata kuma, mai yawan hira, ta koma shiru. Takan zauna a kan tabarma tana kallon tafin hannunta. In na tambaya ta ce ba komai.

Wani abokina ya ce in daina wahalar da kaina, in ɗaura wayar tagulla mai kauri a gurbin fis ɗin, haka kowa ke yi. Har na yanko wayar na sa a aljihu. Da na fito tsakar gida bayan an ɗauke ruwa, abin da na gani ya tsayar da ni. Tana ce, tsutsar nan ta damina, ta fito daga ƙasa, da yawa, duk a mace, a jere a kan layi guda kamar an ja da zare, daga rumfar mota har bakin famfo. Ko'ina a gidan babu ko ɗaya sai a kan layin nan. Rana tsaka ce, amma na kasa tsallakawa.

Matata ta ce a kira malami. Na ce to, amma bari a fara kiran mai gyaran wuta. Na ɗauko wani Inyamuri a Kakuri, dattijo, Hausa a bakinsa kamar a Zariya aka haife shi. Yana shigowa ya ga layin, sai ya daina murmushi. Ya ce kada wanda ya motsa, ya koma ya kashe wutar gidan gaba ɗaya, sannan ya karɓi fartanya. Bai yi nisa da haƙa a kan layin ba ya ciro wayar cajar. An binne ta ne haka kawai babu bututu, gara ta cinye robar, tagullar tsirara cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya ce duk lokacin da na jona mota, wuta na bin ƙasa zuwa ƙarfen famfo, har sai fis ya ƙone ya katse ta. Na nuna masa wayar aljihuna. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Alhaji, da ka sa wannan, da yau zaman makoki muka zo."

Mahaifiyata na bakin ƙofa tana ji. Ta tambaye shi a hankali, wutar tana iya kama hannun mutum in yana alwala? Ya ce ƙwarai, musamman in babu takalmi. Sai ta zauna a ƙasa ta rufe fuska.

Ashe makonni ke nan duk lokacin da ta taɓa famfon sai hannunta ya mace har kafaɗa. Da haka ciwon yayarta ya fara, shanyewar ɓarin jiki, kuma shi ya yi ajalinta. Ta ɗauka nata lokacin ne ya zo. Ta ɓoye mana don kada ta tayar mana da hankali, ta raba zannuwanta a ɓoye, ta bi maƙwabta tana neman gafara.

"Na riga na yi sallama da ku a zuciyata," ta ce. "Kullum ina kallonku ne kawai."

An sake waya cikin bututu, fis bai ƙara ƙonewa ba. Mahaifiyata na nan da ranta, har tana mitar wani leshi da ta bayar wanda kunya ta hana ta karɓowa. Mukan yi dariya. Amma ni dariyar ba ta kai mini ciki. Muna cin tuwo a faranti ɗaya, ina ba ta labarin mota, ita tana ƙirga kwanakinta, ban sani ba. Har yau in ta ce mini ba komai, sai in jawo kujera in zauna.