Muryar Baba a Kaset

Jajibirin Babbar Sallah ne, shekarar da aka tashe mu daga tsohon Zango, Baba ya aro rediyon kaset wajen wani direba maƙwabcinmu. Mahauci ne Babanmu, bai iya rubutu ba, mu ma ba a sa mu boko ba. Idan zai gai da danginsa na Ƙonni sai ya yi magana a kaset, a bai wa masu motar shanu su kai. Ranar ya yi wanka, ya sa farar riga kamar can ɗin za su gan shi, ya zaunar da mu a tabarma. Ina tsakiyar dakan tattasai aka kira ni, ga raguna na kuka, ga Inna na korar kaji. Ya ce, "Kowa ya kama bakinsa, abin nan bai san wasa ba." Ya gai da mutane gida-gida, ya faɗi wanda ya rasu da wanda aka haifa, sannan ya ce in gai da kakata. Atishawa ce ta riga gaisuwar fita. Ya yi dariya, abin da bai cika yi a gabanmu ba. Duk ta shiga kaset.

Bayan rasuwarsa wani ƙanensa ya maido mini da kaset ɗin daga Ƙonni. Na ɓoye shi cikin kwallar aurena, amma mu a bakin teku muke, iskarsa ba ta barin komai, ya fara funfuna, murya tana ja. 'Yata Rakiya, mai shagon buga takardu a unguwar Agbalépédo, ta juye shi a kwamfutarta, ta kuma zuba a wani ɗan abu kamar yatsa da suke kira kile. Ba a jima ba zaren kaset ya tsinke, na yar.

To, a Zango ba a hana aro. Tun muna yara turmi da rariya gida-gida suke yawo, wadda ta hana kuwa sai an yi da ita a bakin famfo. Dangi suka ji labari, kile ya shiga yawo, ya je wajen danginmu na Baguida, ya kwana a shagon wankin hoto, ya dawo. Rakiya ta ce, "Mama, abin nan fa birus yake kwasowa, cuta ce ta kwamfuta." Na ce, "Muryar ubana ce, wa kike so in hana?" Ranar da ta soka shi a kwamfutarta, cutar ta bi ta cinye komai, takardun mutane, hotunan jikokina, har da Baba, a kwamfutar da kilen duka. Mai gyara ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya ce babu. Waɗanda suka ara kuwa sauraro kawai suka yi, kowa na ganin ai yana wurina.

A da, abu in zai lalace kana kallonsa, ka ji warinsa, ka shanya shi a rana. Yanzu ga kile nan sumul kamar sabo, babu komai a cikinsa. Jikokina kan tambaye ni yadda Baba yake magana. Nakan buɗe baki in gwada musu, sai in ji ba ita ba ce.